Yadda Ake Dasa Injin Turbo A Tsohuwar Mota

Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san cewa ɗaga inji a zura shi cikin mota aikin yini ɗaya ne. Abin da ke cin watanni shi ne hidimar da ke biye da injin: man da zai sha, iskar da zai shaƙa, zafin da zai fitar, wayoyin da za su sarrafa shi, da birkin da zai tsayar da motar bayan ya tura ta. Mafi yawan motocin da aka fara aka watsar, ƙura ta lulluɓe su, masu su sun kashe kuɗinsu kaf a kan inji, suka zo kan sauran abubuwa hannu wayam. Da wannan nake so ka riƙa auna kowane mataki da ke ƙasa.

Turbo ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi masa rajista tun 1905, kuma ya shiga motocin hawa a Amurka a 1962. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata farfela, ita kuma tana kan sanda ɗaya da wata farfelar da ke danna iska cikin inji. Idan matsin iskar ya kai ba 1 ("ba", wato bar, ma'aunin matsi ne), inji yana samun kusan ninkin iskar da zai iya zuƙa da kansa, don haka yana ƙona kusan ninkin mai. Daga nan ƙarfin yake zuwa, daga nan kuma zafi da duk sauran ɗawainiyar suke zuwa.

Na farko: duba motar kafin ka duba inji

Ka ɗaga motar ka shiga ƙarƙashinta da fitila da sukundireba. Ka caccaki ƙarfen da ke ɗauke da inji, da wuraren da shakazoba ke ɗaure, da gindin ƙofofi, da inda aksul ɗin baya yake kama jiki. Tsatsar sama-sama ba komai ba ce. Amma idan sukundireba ya nutse, sai a yanke wurin a yi walda da sabon ƙarfe kafin a yi maganar komai. Jikin da aka ƙera don ƙarfin doki 80, kuma ya shekara arba'in yana shan ruwa da rana, ba zai jure murɗar doki 200 ba sai ya tsage.

A wannan mataki kuma ka binciki dokar inda kake. A Kalifoniya, alal misali, ana buƙatar injin da aka dasa ya zama na shekara ɗaya da motar ko ya fi ta sabunta, tare da kayan tace hayaƙinsa. A Jamus sai masu duba lafiyar mota sun gwada sun amince. A Birtaniya ana sabunta lambar inji da girmansa a takardar mota. Kamfanin inshora ma dole ya sani, domin idan aka yi haɗari suka tarar da injin da ba a faɗa musu ba, suna iya ƙin biya.

Na biyu: zaɓen inji

Kafin ka fara mafarkin doki 500, tambayi kanka me za ka yi da motar. Mota mai nauyin kilo 1,000 da doki 200 ta riga ta fi ƙarfin yawancin direbobi. A ganina, ninka ƙarfin da motar ta zo da shi ya isa aikin farko, har ya yi yawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗauko inji daga dangin motar. Injin B230FT na Volvo 740 da 940 yana shiga Volvo 240 ba tare da wahala mai yawa ba, saboda gida ɗaya suka fito da injinta na asali. Injin 1.8T na Volkswagen da Audi, wanda yawancin nau'ukansa ke ba da doki 150 zuwa 225, an dasa shi a Golf na ɗaya da na biyu ba adadi, har akwai masu sayar da mazaunin inji da aka ƙera don wannan dashen. Masu tsofaffin Marsandi irin W123 da W124 kuwa suna son OM606, injin dizal mai lita 3 da silinda shida. Ga motocin Japan masu ja da tayar baya, akwai SR20DET na Nissan, mai lita 2, wanda nau'insa na farko a cikin Silvia ke ba da doki kusan 205, da kuma 1JZ-GTE da 2JZ-GTE na Toyota. Waɗannan biyun na ƙarshe suna da suna, kuma sun cancanta, amma dogaye ne, gangar jikinsu baƙin ƙarfe ce, nauyinsu ya haura kilo 200. Ka sa irinsu a ƙaramar mota, sai gabanta ya yi nauyi, ta riƙa ƙin shan kwana.

Shawarata ita ce ka zaɓi dashen da mutane da yawa suka riga ka yi. Duk matsalar da za ka ci karo da ita, wani ya riga ya warware ta ya bar bayani. Zama na farko a duniya da ya haɗa wani inji da wata mota abin alfahari ne, amma ba a aikin farko ba.

Sai ka ɗauki tef ka auna. Tsawon ɗakin inji daga bango zuwa lagireto, faɗinsa tsakanin ƙarfunan gefe, tsayinsa daga ƙarfen gicciye zuwa bonet. Ka lura da gefen da turbo yake, ka ga ko zai haɗu da sandar sitiyari ko tukunyar birki. Injin da aka ciro daga mota mai sitiyari a dama sau da yawa turbonsa yana faɗowa daidai inda sandar sitiyari take a mota mai sitiyari a hagu. Haka kuma kwanon baƙin mai: zurfinsa yana iya zama a gaba, a tsakiya ko a baya. Injinan JZ suna zuwa da duka ukun, gwargwadon motar da aka ciro su. Wanda bai dace ba zai zauna a kan ƙarfen gicciye, injin ya ƙi sauka.

Na uku: sayi mota sukutum, kada ka sayi inji tsirara

Nan ne nake dagewa. Araha ba ta ado. Injin da aka ajiye a ƙasa, an datse wayoyinsa da almakashi, ba kwamfuta, ba na'urar auna iska, zai fi sauƙin kuɗi a ranar saye, amma za ka yi wata da watanni kana farautar ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tsadarsa. Idan da hali, sayi motar da ta yi haɗari ta baya ko ta gefe, injinta na tashi. Ka ji ƙararsa da kunnenka, ka ga launin hayaƙinsa. Idan babu hali, to a ba ka inji da giyabos, da wayoyin inji cikakku ba a yanke ba, da kwamfutar inji, da duk na'urorin aunawa, da altaneta, da kik, da fedar totur idan ta lantarki ce.

Injinan da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau yawanci suna da makullin tsaro na lantarki. Kwamfutar ba za ta bar inji ya ci gaba da aiki ba sai ta gane makullinta. Saboda haka ka karɓi makulli, da zoben da ke karanta shi, da akwatin tsaron, duka daga mota ɗaya. Na taɓa ganin aiki ya tsaya makonni a kan wannan kaɗai: inji ya tashi, ya yi daƙiƙa biyu ya mutu, ana ta canza famfon mai da fulogi, alhali makulli ne babu.

Kafin ka biya, a gwada matsin kowace silinda. Bai kamata bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Ka cire bututun iska ka kama sandar turbo da yatsu: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin farfela ba ta goga jiki ba, amma idan tana shiga tana fita, turbon ya gaji.

Tun injin yana ƙasa, ka canza duk abin da zai yi wuyar kaiwa bayan ya shiga: bel ɗin tayamin da abin ɗaure shi, famfon ruwa, sil ɗin kiranshaf na gaba da na baya, tamostat, da kuloci. Aikin awa ɗaya ne a ƙasa, aikin kwana biyu a cikin mota.

Na huɗu: cire tsoho

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Cire kan batir, zubar da ruwa da mai a mazubi, ɗauki hoton komai kafin ka kwance, liƙa wa kowace waya takarda da sunanta, zuba notuna a leda ka rubuta inda suka fito. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sai an ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe huɗu a ƙasa mai tauri. Kada kuma ka yar da tsohon inji da wuri, za ka buƙaci na'urar auna zafi da ta matsin mai da ke jikinsa don agogon cikin mota.

Na biyar: zaunar da inji

Inji zai shiga ya fita sau da yawa kafin ya zauna, kada wannan ya dame ka. Ka haɗa shi da giyabos, ka rataye su, ka sauke a hankali, ka tallafe da katako. Burinka ya zauna ƙasa-ƙasa kuma baya-baya gwargwadon iko, domin nauyi ya matso tsakiyar mota. Amma kwanon baƙin mai kada ya fi ƙarfen gicciye sauka, in ba haka ba shi ne zai fara dukan dutse. Ka bar tazarar yatsa biyu ko kusa da haka ta kowane gefe, domin inji yana girgiza yana karkata idan aka taka totur.

A motar da ke ja da baya, kusurwar furofela ita ce abin da mutane suka fi yi wa sakaci. Wutsiyar giyabos da hancin aksul ɗin baya dole su zama a layi biyu masu tafiya tare, kusurwar da ke gaɓar gaba ta yi daidai da ta gaɓar baya, tsakanin digiri 1 zuwa 3. Idan suka saɓa, motar za ta riƙa kyarma a wani gudu, ta cinye gaɓoɓin furofela, kai kuma kana ta zargin taya. Da ɗan ma'aunin kusurwa ake gane wannan cikin minti biyar.

Idan ka gamsu da zaman, ka yanka kwali ka fitar da siffar mazaunin inji, sannan a yanka ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6 a kan siffar. A ɗiga walda kaɗan-kaɗan, a sake gwadawa, a rufe bonet a gani, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, sannan a yi waldar gaske. Idan hannunka bai faɗa a walda ba, ka kai wa gwani. Ka bar roba tsakanin inji da jiki. Ɗaure ƙarfe da ƙarfe yana kwance notuna, yana fasa jikin mota.

Giyabos mafi sauƙi shi ne wanda ya zo da injin. Tsohon giyabos da tsohon aksul, ƙarfin murɗawa ne ke kashe su, kuma turbo yana kawo wannan ƙarfin gaba ɗaya tun inji bai yi nisa da juyi ba. Furofela kuwa kusan kullum sai an rage ko an ƙara tsawonta, kuma a daidaita nauyinta a na'ura bayan walda.

Na shida: mai

Motar kafireto famfonta yana tura mai da matsin da bai kai rabin ba ɗaya ba. Injin nozul, wato mai fesa mai da matsi a maimakon kafireto, yana buƙatar kusan ba 3, kuma a injin turbo wannan matsin yana ƙaruwa daidai da matsin iska. Don haka tsoffin tiyo da tsoffin maɗaurai ba su da wurin zama a nan. Ka sa tiyo da aka ƙera don matsin nozul, ka ja layi na biyu da zai mayar da rarar mai tanki, ka sa sabuwar matata. Tiyon da zai zauna cikin tanki kuma irinsa daban ne, wanda fetur ba ya narkar da bayansa.

Akwai wata matsala da ba ta bayyana sai a hanya. Tankin tsohuwar mota ba shi da shinge a ciki, don haka idan ka sha kwana mai yana gudu gefe guda, famfo ya zuƙi iska. Kafireto ba ya damuwa, yana da ɗan kofinsa na ajiya. Injin turbo kuwa idan mai ya yanke masa na daƙiƙa ɗaya yana cikin matsin iska, wutar cikin silinda tana yin zafin da zai iya huda fistan. Maganin shi ne ƙaramin tanki na lita ɗaya ko biyu da ake cika shi da ƙaramin famfo, babban famfo ya riƙa ja daga gindinsa, ko kuma a sa tanki mai shinge.

Ka haɗa famfon ta rile da fiyus, yadda kwamfuta za ta kashe shi da zarar inji ya tsaya. Famfon da ke ci gaba da feso mai bayan haɗari shi ne ke mayar da ƙaramin karo gobara.

Na bakwai: iska, zafi da baƙin mai

Iskar da turbo ya matse tana fitowa da zafin da kan wuce digiri 100. Iska mai zafi tana sa fetur ya fashe kafin lokacinsa, wato ƙwanƙwasar da ke karya fistan. Shi ya sa ake bi da ita ta intakula, wani abu mai kamar lagireto da ake ɗorawa a gaba inda iskar hanya za ta ratsa shi. Bututan su zama gajeru, bakinsu da ɗan tudu don kada tiyo ya subuce idan matsi ya hau. Idan injinka yana auna iska tun daga bakin shiga, to bawul ɗin da ke sakin iska lokacin da ka ɗaga ƙafa dole ya mayar da ita cikin bututu. Masu sakinta waje don jin wannan ƙarar ta fiit suna sa kwamfuta ta zuba mai don iskar da ta riga ta tsere, inji ya riƙa shaƙewa.

Tunda intakula ya tare gaba, lagireto zai riƙa samun iska mai ɗumi, ga shi kuma zafin da zai kwashe ya ƙaru. Tsohon ba zai iya ba. Sa babba, da fankar lantarki mai murfi da ke rufe faɗinsa, ka toshe gefe da gefe don iska ta bi ta cikinsa dole.

Gidan turbo na ɓangaren hayaƙi yana iya kai digiri 900 a injin fetur, har ya yi ja. Duk tiyon birki, waya ko layin mai da ke kusa da shi sai an kauda shi ko an sa masa garkuwar zafi. Salansa ta zama mai faɗi, inci 2.5 zuwa 3, da gaɓa mai lanƙwasuwa kusa da inji.

Sandar turbo tana juyi sama da sau 100,000 a minti, a kan siririn baƙin mai take yawo. Man yana shiga da matsi, amma yana fita da nauyinsa ne kawai. Saboda haka bututun fita ya zama mai faɗi, ya gangara kai tsaye ba lanƙwasa, ya shiga kwano a saman inda mai yake tsayawa. Idan ya toshe ko ya kwanta, mai zai taru ya ɓulla ta salansa, ka ga shuɗin hayaƙi ka ɗauka turbo ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau.

Na takwas: wayoyi

Nan ne mutane ke karaya, amma haƙuri kawai yake so. Ka samo taswirar wayoyin motocin biyu. Wayoyin inji ka bar su yadda suke. Abin da za ka haɗa da tsohuwar mota kaɗan ne: wuta ta dindindin, wutar makulli, wayar kik, rilen famfo, rilen fanka, fitilar caji, da sigina zuwa agogo. Ka gwada kowace waya da mita kafin ka yanke ta. Ka sa wayar as, wato wadda ke mayar da wuta zuwa batir ta jikin mota, mai kauri daga batir zuwa jiki, daga jiki zuwa inji, a kan ƙarfen da aka kankare fenti. Rabin matsalolin da ake ɗora wa kwamfuta daga as mara kyau suke.

Idan kwamfutar asali ta cika neman abubuwan da motarka ba ta da su, akwai masu zaman kansu irin Haltech, Link, MegaSquirt da Speeduino. Suna ba ka iko a kan komai, amma fanko suke zuwa, sai gwani ya saita su a kan na'urar gwajin ƙarfi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a saitin turbo kuskuren digiri kaɗan a lokacin tartsatsi ya isa ya ci inji.

Na tara: birki da ƙafafu, kafin a tayar da inji

Na sa shi kafin tayarwa da gangan, domin na san da zarar inji ya yi ƙara ba wanda ke iya haƙurin zama. Motar da ke gudun kilomita 140 a awa tana ɗauke da kusan ninkin ƙarfin da birki zai kashe idan aka kwatanta da gudun 100. Ka sa faifan birki mafi girma a gaba, irin mai ramukan iska a tsakiya, ka canza tiyo duka, ka zuba sabon man birki DOT 4. Idan motar ta tsufa har birkinta layi ɗaya ne, a mayar da shi layi biyu. Tukunyar da ke taimakon birki da zuƙar inji take aiki, turbo kuwa turawa yake yi, don haka dole a sami bawul mai hanya ɗaya a tiyonta. Sabbin robobin ƙafa, shakazoba da sifirin da suka dace da sabon nauyi, da tayoyi masu kyau, duk cikin lissafin dashen suke.

Na goma: tayarwa da gwaji

Zuba baƙin mai da ruwa. Cire fiyus ɗin famfo da na tartsatsi, ka yi ta juya inji da kik, kana hutawa, har fitilar matsin mai ta mutu, domin mai ya isa turbo. Mayar da fiyus, buɗe makulli ba tare da tayarwa ba, ka bi layin fetur da ido da hanci. Abin kashe gobara yana hannun wani a gefenka, ƙofar wurin a buɗe. Sannan ka tayar. Bar shi ya yi zafi a tsaye har fanka ta kama ta saki, kana kallon agogo kana leƙa ƙasa.

Kada ka fita hanya sai da agogo uku: na matsin iska, na matsin baƙin mai, da na ma'aunin iska da fetur mai faɗin karatu. A tafiyar yau da kullum wannan na ƙarshe zai nuna kusan 14.7, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, amma idan turbo ya kama sosai ya kamata ya sauko wajen 11.5 zuwa 12. Idan ka ga 13 ko sama kana cikin matsi, ko ka ji ƙara kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani, ɗaga ƙafa nan take. Ka sha fetur mafi ingancin oktan da za ka samu.

Fitar farko ta zama gajera, ba tare da shiga matsi ba. Ka dawo, ka bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe shi don turbo ya huce, ka sake ɗaure notunan mazauni, na furofela da na salansa, ka duba ko wani abu ya goga ko ya narke. Ka riƙa ƙara nisa da taku a hankali. Matsin iska kuwa ka bar shi yadda masana'anta suka saita har motar ta yi kilomita dubu ko fiye ba ɗigo, ba zafi, ba baƙon sauti. Bayan nan, idan kana son ƙari, ka fara da duba ko nozul da famfo da kuloci za su ɗauka, sannan ka kai ta kan na'urar gwaji a ƙara kaɗan-kaɗan ana kallon agogo.